Kafin ka ɗaura wannan tirelar, buɗe ƙofar direba ka karanta

Wasiƙar wannan makon daga Greensboro ta fito, a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka. Ga ta a taƙaice:

"Assalamu alaikum Kawu. Shekarata goma sha ɗaya a ƙasar nan, ina da mata da yara uku. Na daɗe ina sha'awar tirelar nan ta tafi-da-gidanka, mai gadaje da kicin da banɗaki, wadda ake ɗaura wa mota a tafi hutu da ita. Bana mahaifiyata ta zo mana, ina so in kai su duwatsun wajen Asheville mu kwana biyu kafin a koma makaranta. Motata Toyota Highlander ce ta 2019 mai injin V6, kamfani ya ce tana jan laba 5,000. Na ga wata tirela mai tsawon ƙafa 26, nauyinta laba 4,600. Mai sayarwa ya ce motata za ta ja ta ba wata matsala, har na ba da kafin alƙalami dala 500. Sai maiɗakina ta ce ita da yara ba za su shiga ba, wai ta ga bidiyon irinta ta kife da mota a kan titi. Na ce mata lissafi ya fita, 4,600 bai kai 5,000 ba, kuma komai yana hannun Allah. Kwana uku ke nan sama-sama muke magana. Don Allah ka ba ni abin da zan gamsar da ita."

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya raya zuri'a, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Niyyarka ta yi mini daɗi ƙwarai, domin da yawa daga cikinmu mukan shekara ashirin a ƙasar nan ba mu san komai ba sai hanyar wurin aiki da ta masallaci. Mutumin da ya ce bari ya fitar da tsohuwarsa da 'ya'yansa su ga ikon Allah a kan duwatsu, ya cancanci a taya shi.

Sai dai abin da ka roƙa ba zan iya ba ka ba. A wannan maganar uwargida ce ke da gaskiya. Ita zuciyarta ce ta gaya mata, ni kuma zan kawo maka lissafin, don na ga kai mai son lissafi ne. Na yi shekaru ina tuƙa babbar mota a titunan ƙasar nan, kuma abu na farko da sikeli ya koya mini shi ne lamba ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a kan kaya.

Mu fara da 5,000 ɗin da ka riƙe, wato kusan kilo 2,270. Gaskiya ce, ba ƙarya kamfani ya yi ba. Akwai ƙa'idar gwaji ta ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE, mai lamba J2807, wadda a ciki har da hawan wani dogon tudu kusa da madatsar ruwa ta Davis a Arizona, cikin tsananin zafi, da na'urar sanyaya mota a kunne. Amma a wannan lissafin mutum biyu kawai ake ƙaddarawa a cikin motar, kowanne laba 150. Babu Hajiya, babu yara uku, babu kula cike da kaji. Duk abin da ka ƙara a kan mutum biyun nan, daga ƙarfin jan motar ake cire shi.

Ita ma 4,600 ɗin da mai sayarwa ya faɗa maka, kusan tabbas nauyin tirelar ne wayam, yadda ta fito daga masana'anta. Ba wanda ke tafiya hutu da ɗaki wayam. Galan ɗaya na ruwa ya ɗan haura laba 8, tankin galan 40 kuwa laba 330 ke nan, kuma gidan da ake alwala sau biyar a rana ba ya wasa da ruwa. Batir da tukwanen gas za su kai 100. Sai tukwane da kwanuka, buhun shinkafa, jarkar mai, barguna, darduma, kujerun zama, kekunan yara, kayan sawa na mutum shida. In ka yi tsantseni sosai, a ce 500. Tirelarka ta zama 5,500 ke nan tun ba ka bar ƙofar gida ba. Ko ka tafi da tanki babu ruwa ka cika a can, kana wajen 5,200. Ka riga ka haura. Lambar da ya kamata ka tambaya tana jikin tirelar ta gefen hagu wajen gaba, a wata sitika, gaban haruffa huɗu GVWR. Ita ce iyakar nauyin tirelar da kayanta gaba ɗaya, kuma da ita masu hankali suke ciniki.

To amma duk wannan ba shi ne babban abin ba. Babban abin yana jikin motarka, kuma ina kyautata zaton ba ka taɓa karanta shi ba, kamar yawancin mutane. Ka fita yanzu ka buɗe ƙofar direba. A jikin ginshiƙin ƙofar akwai sitika mai bayanin iskar taya, a samanta an rubuta cewa nauyin mutane da kaya a haɗe kada ya wuce kaza. A jif irin taka lambar takan faɗa tsakanin laba 1,200 da 1,500. Wannan shi ne abin da motar za ta iya ɗauka a bayanta, kuma ja daban, ɗauka daban.

Ka tuna amalanken jaki a gida. Jaki yana iya jan kayan da ya ninka abin da zai ɗauka a gadon bayansa, amma sandunan amalanken a kansa suke, kuma wani kaso na nauyin yana danna shi. In aka tura lodi gaba da yawa, sai ka ga ya durƙushe. In aka mayar da shi baya, sai amalanken ya ɗaga shi, ƙafafunsa su rasa riƙon ƙasa. Haka tirela take. Wuyanta, wato ƙarfen nan mai kusurwa uku da ke hawa kan ƙwallon da ke bayan mota, dole ya danna motar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukan nauyinta, in ana so ta bi mota salin-alin. Kuma wannan dannawar, a cikin lambar ƙofar direba ake lissafa ta, tamkar wani fasinja ne ya zauna a kan bambar baya.

Bari mu ɗauka sitikarka ta ce 1,300. Ban san nauyinku ba, zan yi kintace, kai ka gyara. Kai 190, uwargida 160, Hajiya 160, yara uku a haɗe 240. An tashi 750, saura 550. Kula da jakunkunan hannu da kujerar ƙaramin yaro, 100, saura 450. Ƙarafan haɗin tirela su ma suna da nauyi, a ce 70, saura 380. Wannan 380 ɗin shi ne duk abin da ya rage wa wuyan tirela. Ita kuwa taka, mai 5,500, in aka ɗauki kashi 12 cikin ɗari, wuyanta zai danna da 660. Ka wuce abin da ya rage maka da kusan 300, kuma ka wuce 500 ɗin da aka saba ƙayyade wa ƙugiyar jif mai jan 5,000. Iyaka uku ke nan ka tsallake a lokaci guda. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ƙanena.

Me zai faru in an yi hakan? Motar za ta tashi, za ta kuma tafi, abin da ke yaudarar mutane ke nan. Amma gindinta zai zauna, gabanta ya ɗaga. Tayoyin gaba su ne masu sitiyari, su ne kuma masu yawancin aikin birki, sai ga shi riƙonsu ya ragu. Fitilunka za su riƙa haska idon masu tahowa. Tayoyin baya za su ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu su yi zafi, taya mai zafi kuwa ba ta sallama kafin ta fashe.

Na san dabarar da za ta zo maka, don kowa ita ke fara zuwa masa: a kwashe kaya a mayar bayan tirela don wuyan ya yi sauƙi. Don girman Allah kada ka yi. Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace saurin kai mutum ga abin da uwargida ta gani a bidiyo. Tirelar da bayanta ya fi nauyi, da an kai wani gudu sai ta fara kaɗa wutsiya, dama da hagu, kowane lilo ya fi na baya faɗi, har ta fizgi gindin motar ta juya ta. Ƙa'ida ita ce kusan kashi 60 na kaya ya zauna gaban tayoyin tirela, masu nauyi a ƙasa.

Ko da an jera kaya daidai, akwai maganar tsawo da iska, wadda ba ta cikin kowace sitika. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Highlander ɗinka inci 110 ne, ƙafa tara da ɗan kai. Tsofaffin masu jan tirela suna da wani ƙiyasi da suka gada: inci 110 ya dace da tirela mai ƙafa 20, kowane inci 4 da ya ƙaru sai a ƙara ƙafa ɗaya. Ba doka ba ce, amma gogewa ce ta haife shi. Kai kana maganar ƙafa 26, bango ne guda mai tsayi da iska za ta samu ta tura. Ni da nake zaune a kujerar babbar mota na ga abin da ido na. Idan muka zo wuce mai tirela, iskar gaban motarmu takan fara tura bayan tirelarsa waje, muna gota shi kuma ta zuƙo shi ciki. Wata rana da yamma na wuce wani magidanci da jif da doguwar tirela, ban ma matse shi ba, ina duba madubi sai na ga tirelar ta fara lilo har tana taka layin gefe, ga kawunan yara a kujerar baya. Allah ya taimake shi bai taka birki da ƙarfi ba, ta lafa. Na yi tafiyar awa guda bayan nan ƙirjina bai daina bugawa ba. Tun ranar nake buɗe wa irinsu fili sosai in zan wuce.

Sannan ka dubi hanyar da ka zaɓa. Daga Greensboro zuwa Asheville a kan I-40 kusan mil 170 ne, yawancinsa lafiya lau, amma bayan garin Old Fort akwai hawan dutse na kusan mil shida mai tsananin gangara, kashi 6 cikin ɗari, ga lanƙwasa bayan lanƙwasa. A tafiya inji da giyabos ne za su sha wuya. A dawowa kuwa birki ne, shi ya sa za ka ga an yi wa manyan motoci hanyoyin tsira masu tulin yashi a gefen titi, don wanda birkinsa ya ƙone ya afka ciki. Nauyin tirelar nan da kayanta ya fi na motarka. A gangara ba kai kake janta ba, ita take tura ka.

Game da cewar da ka yi komai yana hannun Allah, haka ne, babu mai ja da wannan. Amma ka san abin da aka ce wa mai raƙumi: ya ɗaure shi tukuna, sannan ya yi tawakkali. Mutum biyar ne za su shiga motar nan saboda sun amince da kai, uku ba su da bakin cewa a'a, ɗaya kuma ita ta haife ka. Amana ce.

Shi mai sayarwa ban ce maƙaryaci ba ne. Tambayar da ka yi masa ya amsa: za ta ja? Za ta ja. Bai tambaye ka mutum nawa za su zauna a motar ba, kuma ba shi zai riƙe sitiyari a Old Fort ba.

Yanzu me za a yi, don ba na so wannan tafiya ta mutu.

In aka juya lissafin can, 380 a wuya yana nufin tirelar da duk nauyinta da kaya bai wuce wajen laba 3,200 ba, wato wadda wayam take wajen 2,500. Irin waɗannan su ne ƙanana masu ƙafa 16 zuwa 18, ko kuma mai naɗewa, wadda a hanya take a daƙile kamar akwati, in an isa a ɗaga rufinta gadaje su fito gefe biyu. Ita wannan ta biyun ita na fi so maka. Ba ta da tsayi, iska ba ta samun wurin kamawa, kana ganin bayanka, ba ta shan mai kamar mai bango, kuma manya daga cikinsu suna kwantar da mutum shida. Aibinta shi ne da yawa ba su da banɗaki na kirki, wanda ga tsohuwa ba ƙaramin abu ba ne. Sai ka kama wuri kusa da banɗakin sansanin da masu tirela ke yada zango, ko ka nema wa Hajiya da uwargida ɗan ɗakin katako na haya a wurin, kai da yara ku kwana a tirela.

In kuma uwargida tana tuƙi kuma kuna da mota ta biyu, ku rabu biyu: ita ta ɗauki Hajiya da yara, kai ka ja tirela kai kaɗai. Nan take ka sauke wa jif laba ɗari biyar da wani abu. Amma ka lura, wannan bai halatta maka mai ƙafa 26 ba, don har yanzu ta fi ƙarfin ƙugiya da ƙarfin ja. Abin da zai ba ka shi ne sarari ka ɗauki mai 3,500 zuwa 4,000 da kayanta hankali kwance. In dai ranka a kan babbar yake, to mota za ka canja, irin su Sequoia ko Expedition ko Suburban, kuma ko su sai ka buɗe ƙofa ka karanta sitika kafin ka biya. Kada kuma wani ya ce maka a zuba yara a cikin tirela tana tafiya don a rage wa mota nauyi. Babu bel a ciki, jikinta ba shi da ƙwarin ɗaukar karo, kuma jihohi da yawa sun haramta.

Shawarar da na fi ba wa ƙarfi ita ce bana kada ka saya, ka yi haya. Akwai masu ba da hayar tirela na kwana biyu ko mako, wasu ma har sansanin za su kai maka su kafa, kai dai ka zo da iyalinka da tukunyarka. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wataƙila ku dawo kowa yana cewa a sake, wataƙila kuma ka gano cewa zubar da ruwan banɗaki da yin ribas da tirela cikin bishiyoyi ba abin da kake so ba ne. Gara ka gane haka da kuɗin hayar kwana uku, da ka gane shi da bashin shekaru a wuyanka da kuɗin wurin ajiya kowane wata.

Duk ranar da za ka ja, ko ƙarama ce, akwai abubuwan da ba a sassauci a kansu. Tirelar ta kasance mai birkin kanta, a kuma sa maka na'urar sarrafa shi kusa da sitiyari. Wannan yana buƙatar soket mai baki bakwai a bayan mota, jif da yawa kuwa mai baki huɗu suke zuwa da shi, wanda fitilu kawai yake kunnawa, sai makanike ya ƙara maka. Ka karanta babin jan tirela a littafin motarka tun daga farko har ƙarshe, musamman abin da ya ce game da ƙarfen hana lilo da kuma sandunan da ke rarraba nauyi zuwa tayoyin gaba, don ba kowane kamfani ne ya yarda a sa wa jif ɗinsa su ba. Su ma sandunan, rarraba nauyi suke yi, ba sa ƙara ko laba ɗaya a lambar ƙofa. A sa madubin da ke leƙo gefen tirela. A duba iskar tayoyi duka da safe kafin su yi zafi. Kada ka wuce mil 60 zuwa 65 a awa ko da kowa yana wuce ka, don tayoyin tirela da yawa iyakarsu 65 ne, a Kalifoniya ma doka 55 ta yanka wa duk mai jan tirela. Ka ninka tazarar da ka saba bari tsakaninka da na gaba. A gangara ka sauko da giya tun daga saman tudu inji ya riƙe maka, ka riƙa taka birki kana saki, kada ka ɗora ƙafa a kai ka bar ta. In kuma ta fara lilo, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka bi ta da juyi, kada ka danne birkin mota, ka matsa birkin tirelar da hannu a hankali. Shi zai ja ta ta miƙe a bayanka. Ka gwada wannan matsawar a filin da ba kowa har hannunka ya san wurin ba tare da ka duba ba.

Maganar dala 500, ka duba takardar da ka sa wa hannu. Ka koma ka ce a mayar maka, ko a juya kuɗin kan ƙaramar tirela, sau da yawa sukan yarda da na biyun don ba sa son rasa ciniki. In sun ƙi duka, ka bar musu. Na san zafin neman dala 500 a ƙasar nan, amma ko gyaran giyabos kaɗai ya ninka ta sau da yawa.

Saura uwargida. Kwana uku ya isa haka. Ka same ta yau, ba sai ka yi dogon jawabi ba, ka ce mata ka bincika ka ga tsoronta yana da tushe, ka gode mata da ta tsaya a kan 'ya'yanta. Mace da ta iya ce wa mijinta a'a a kan abin da take ganin zai cuci yara, alhali ta san ransa zai ɓaci, abin riƙewa ce da hannu biyu. Daga nan ka sa ta cikin shawarar. Ranar Asabar ku shiga mota ku shida, da kula da jakunkuna kamar tafiyar gaske, tanki cike da mai, ku je gidan man manyan motoci inda akwai sikelin auna motoci da ake kira CAT, ku hau. Kuɗi kaɗan ne, za a ba ku takarda mai nuna nauyin gaba da na baya. Ku cire jimillar daga GVWR ɗin motar, shi ma yana jikin ginshiƙin ƙofar, abin da ya rage shi ne naku na gaskiya, ba kintacena ba. Ita ta riƙe takardar ranar da za ku je duba tirela.

Ka rubuto mini lambar da ka gani a ƙofa da abin da sikeli ya nuna, in sake buga maka lissafin da su. A gaishe mini da Hajiya da kyau.